Mai Shagon

"Baƙo ba ya buɗe shago a ƙasar nan, sai dai ya yi aiki a ƙarƙashin ɗan ƙasa," in ji jami'in shige da fice. Ya turo mini fasfona ko kallona bai yi ba.

Dokar nan na san ta kamar yunwar cikina. Ita ta sa na yi furfura ina ɗinki a ƙuryar shagunan mutane, wahala tawa, suna nasu.

"Yallaɓai, ni tela ne kawai. Ai tare muke da mai shagon."

Na waiwaya na yafito ta. Ta taso daga benci, ta ajiye katinta na 'yar ƙasa a kan tebur. A nan aka haife ta, jiya kuma shekarunta suka kai na mallakar kasuwanci.

Jami'in ya dube ta, ya dube ni, ya ga hanci iri ɗaya. Ya murmusa, ya buga hatimi.

A bakin ƙofa ta miƙo mini mabuɗi. "Baba, na ɗauke ka aiki. Amma fa ban da makara."

Na rusuna na karɓa da hannu biyu. "An gama, ranki ya daɗe."