Jirgin da Ba Ya Wari

Wata la'asar a gidanmu na unguwar Harra ta Gabas, can ƙasa mai tsarki, Baba ya dawo daga kasuwar gwanjo da hoton jirgin ruwa. Ya ce zanen wani Bafaranshe ne da ya ƙare rayuwarsa yana zana teku. Jirgin fari ƙal. Na shagala da kallo.

Kakata, wadda ta ƙetaro daga Sudan a jirgi tana yarinya, ta yamutsa fuska, ta tofar da yawu a gwangwaninta.

"Wallahi daga bakin gaɓa ya zana wannan. Ina amai? Ina zarnin fitsari? Ina ƙanena da aka jefa wa kifi? Yalla, maza fitar min da shi!"

Har yau, ko a bango na ga teku, zuciyata tashi take.