Gurguwar Agwagwa

"Gaskiya, Iya 'Yar'azumi, kasuwanci ba ya jininki," in ji Saudatu, ma'aikaciyar ƙungiyar da ke zagaya Kirikasamma tana tantance waɗanda za a ba jari. "Duk gidan da na shiga cike yake da agwagi. Ke ko kaza babu!"

Tsohuwa ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Sai ga agwagi sun shigo ta ƙofar baya, wata gurguwa tana ɗingishi a bayansu. Saudatu ta tsaya sororo.

"Wannan gurguwar ai a kowane gida na gan ta!"

"Agwagina ne, 'yar nan. Tun da aka ji za ki zo nake ba da su haya gida-gida. Matsa su sha ruwa, mutanen layin baya na jira."