Lamba Tara

Fitsari na fara gangarowa ta robar da aka zura masa, Baba ya saki ajiyar zuciya, bayan kwana biyu mararsa a ɗaure. Ya kamo hannun ƙanena likita.

"Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Kai kuma matsa, ka tare mini iska."

Na matsa. Shekara bakwai ina kamfanin robar fitsari, ina duba kowace a gaban fitila, Baba bai taɓa tambayar aikina ba.

Ledar robar da ƙanena ya yage tana kwandon shara. Na ɗauko. A gefenta ga hatimin mai dubawa, lamba tara. Lambata ce.

Na ninke ta cikin aljihu, sannan a hankali na ce, "Amin."