Direban Mai Katifa

Ranar da ya zo gwajin tuƙi, da baya ya shiga ƙofar masana'antar katifa har sai da fitilar motar ta tarwatse. Mai Katifa ya dubi fitilar, ya dube shi, ya ce, "Kai nake nema." Direba ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Shi fa ɗan sandan ciki ne, an turo shi ne ya liƙe wa attajirin nan har ya gano inda ya ɓoye Lauya.

Mai Katifa dai ba ya ɓoye ra'ayinsa. Da aka hana 'ya'yan mutanen bayan gada shiga makarantar gari, sai ya gina musu tasu, har da fanka. Ya ɗauki iyayensu aiki, ya zaunar da su teburi ɗaya da kowa. Shi ne kuma ya tsaya wa Lauya, mutumin da ya dage cewa su ma sai sun jefa ƙuri'a. Hukuma ta ce a kamo Lauya, Lauya ya yi ɓatan dabo. Aka datse duk hanyoyin fita gari, kowace mota sai an zazzage ta kaf.

Direba ya yi aikinsa tsakani da Allah. Ya leƙa ƙarƙashin kujeru, ya bi katifun sito yana soka musu tsinke, ya kasa kunne a ƙofar ofis har wuyansa ya ƙage. Abin da ya samo bai wuce farashin soso ba. Ogansa kuwa ya gaji, ya ce ko ya kawo Lauya kafin wata ya mutu, ko ya tuɓe kaki ya koma gida. Hankalin Direba ya tashi matuƙa, don yana da iyali.

Ana cikin haka, wata safiya Mai Katifa ya kira shi da fuskar damuwa. "Gwaggona ce jiki ya tashi, likitanta kuma yana ƙetaren iyaka. Taimaka, ɗana."

Aka fito da ita an naɗe cikin bargo, ba abin da ake gani sai manyan ƙafafu cikin safa. Direba ya ji haushi, ga yini guda zai tafi a banza. Tsohuwar kuma ba ta da daɗin zama. Ya faɗa rami ta yi nishi, ya rage gudu ta zungure shi da sanda. Abin da ya ɗan sanyaya masa rai shi ne shingaye: abokan aikinsa na hango shi sai su kau da kai su ɗage ƙarfe, ya wuce yana hura hanci.

A asibiti ta ƙi taka matakala, dole ya goya ta har bene. Nauyi kamar buhun siminti! Ta dafa kansa, ta sa masa albarka da wata dusasshiyar murya.

Ya dawo a gajiye, ya yanke shawarar ajiye tuƙin, tunda ba abin da ya tsinana. Ya tarar da Mai Katifa a ofis yana ajiye kan waya, yana share hawayen dariya. Direba ya miƙa makulli, Mai Katifa ya tura masa abinsa.

"Haba Sajan, ina za ka? Duk garin nan motarka kaɗai ce ba a bincikewa. Lauya ne ma ya bugo yanzu, ya ce a gaishe ka da goyo."