Keken Baba a Tsakiyar Titi

Tayar keken guragu ta maƙale a tsakiyar titi, ga tirela ta taho tana zabga hon. Baba ya ƙanƙame hannun autarsa. Tun da ƙafafunsa suka shanye, yau ya fara fita ba a mota ba.

Da ƙyar ta fizgo shi baya.

"Auta, kashe ni za ki yi? Duk digiri na biyun da kike yi a tsara birane, kin kasa nemo mana wurin tsallakawa?"

"Babu shi, Baba. An koya mana mutum ake fara dubawa kafin mota. A aji aka nuna mana asalin zanen titin nan, har da matsallaka." Ta dube shi. "Kai ka soke ta lokacin da kake shugaban aikin, wai za ta rage wa motoci gudu."