Wayar da ta Tsallake Katanga

Samari suka fizgo farantin sola daga rufin majami'a, suka tsinke wayoyi. An ce musu Kiristoci sun zagi addini a wani gari.

La'asar ta yi, amsa-kuwwar masallaci shiru. Muryar tsohon ladan ko rumfar masu albasa ba ta kai ba.

Ana sallamewa ya tare samarin a ƙofa. "Ku biyo ni."

Ya bi wata siririyar waya da yatsa, daga masallaci, ta kan katanga, har ɗakin fasto.

"Tun da batirinmu ya mutu, da wutar bawan Allahn nan nike kiranku salla. Yau bakina kuka rufe. Ku ɗauko tsani."