Ɓawon Lemu a Kasko

Daminar da ƙanwata Zulai ta tashi daga zazzaɓi, hayaƙin maganin sauro tari yake sa ta, sauron garin Lafiya kuwa ba ya jiran magariba. Wata la'asar Inna ta aike ni wurin maƙwabciyarmu Maman Dooshima mai sayar da lemu, na roƙo busasshen ɓawo.

Inna ta zuba shi a garwashi, ta ƙara ɗaɗɗoya, ta ce, "Ɗauki kaskon nan ki zagaya. Yau sai sun bar mana ɗakinmu."

Ƙamshi ya gauraye ko'ina. Sauro suka yi ta rububin fita ta taga, ina bin su da ihu. Zulai ta yi barcinta, ko tari ɗaya babu. Har yau ban yi nasarar da ta kai wannan daɗi ba.